Ba a fafe gora ranar tafiya: takardar tarin fuka da ake tambayar ɗalibai masu zuwa waje

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure da Difa, in ya wuce Mirriya da Gidimuni, zai iske Gidigir. Gari ne na kasuwa cikin gundumar Gure. Kewaye da shi tuddan rairayi ne da kwaruruka, inda ake samun dabino da goruba da kanwa, ana kuma taɓa noman rani. Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa duk suna haɗuwa a kasuwarsa, wannan da raƙumi, wancan da tumaki, wani da buhun hatsi.

A dā, in mutumin wannan yanki ya kai sa kasuwa, an san dalili: ko aure, ko suna, ko rumbu ya ƙare. Yanzu an sami wani dalili sabo. Yaron da aka sa lakkol yana ɗan shekara bakwai ya girma, ya yi kwaleji, ya yi lise a Gure ko Damagaram, ya ci jarrabawar bakaloriya. Yawancin irin waɗannan yara suna tsayawa cikin ƙasa, a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko jami'ar Damagaram da aka kafa a 2010, ko jami'ar Musulunci ta Sayi. Amma akwai ƴan kaɗan da Allah ke buɗa wa ƙofar waje: Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Sin, Rasha, Saudiyya, Kanada, Ingila. Ba su da yawa, gaskiya ne. Sai dai in aka sami ɗaya a ƙauye, dangi duka ne ke sa hannu. Kawu ya ba da akuya, gwaggo ta ba da kuɗin adashinta, uba ya saida san da yake ji da shi.

Kuɗin nan na fasfo ne da biza da mota da jirgi. Cikin takardun da ake tarawa kuwa akwai guda ɗaya wadda kuɗin sa ba ya sayen ta. Ita ce takardar likita mai shaida cewa yaro ba shi da tarin fuka. Mutane da yawa ba su jin labarinta sai tafiya ta matso, lokacin kuwa an makara.

Mi ya sa tarin fuka?

Wani zai ce, cututtuka da yawa a duniya, don mi sai wannan ake bi da tambaya? Dalili shi ne yadda yake yaɗuwa. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙarama ainun, ido ba ya ganin ta sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta, ya bayyana wa duniya ranar 24 ga Maris 1882. Shi ya sa kowace shekara ake tunawa da yaƙi da tarin fuka ran 24 ga Maris. Ƙwayar takan zauna cikin huhu. In mai ciwon ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana, sai ta fito ta bi iska, wanda ke kusa ya shaƙa. A fili, inda iska ke kaɗawa rana na duka, ba ta daɗewa. Cikin ɗaki rufaffe kuwa tana iya yin awoyi tana yawo.

To, ina ɗalibi yake zama? Cikin aji mai mutum ɗari, cikin ɗakin kwana na mutum huɗu ko shida, a ƙasar sanyi inda ake rufe taga wata da watanni. Hukumomin waɗannan ƙasashe sun san haka, shi ya sa suke tsare ƙofa.

Ciwon kuma ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10 da dubu 800 suka kamu da shi, miliyan 1 da dubu 250 suka mutu. A Nijar, a farkon shekarun 2020, ƙiyasin hukumar ya kusa mutum 80 cikin kowane 100,000 a shekara. A Najeriya ya haura 200. Ingila kuwa ta sa iyaka: ƙasar da ta kai mutum 40 cikin 100,000, ƴaƴanta sai da gwaji. Nijar ta ninka wannan kusan sau biyu.

Kowace ƙasa da tata doka

Maroko na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar ɗaliban Nijar. Hukumarsu mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, AMCI, ita ke ba da gurbi da kuɗin tallafi, takardun kuma suna bi ta hannun hukumomin gida, irin su ANAB, mai kula da kuɗin tallafin ɗalibai a Yamai. Cikin abin da ake nema akwai takardar likitan gwamnati mai shaida cewa ɗalibi ba shi da cuta mai yaɗuwa, an kuma ambaci tarin fuka da sunansa. An ƙara da cewa ana iya sake duba shi in ya sauka can. A riƙe wannan magana ta sake dubawa, za a komo kanta.

Ƙasar Sin tana da takarda tata ta musamman wadda likita ke cikawa, ciki har da hoton ƙirji, ga duk wanda zai yi karatu fiye da wata shida. Takardar wata shida take aiki, in an isa can kuma sukan tantance ta ko su sake gwajin. Rasha ta yi doka da ta fara aiki a ƙarshen Disamba 2021: baƙon da zai wuce kwana 90 sai ya bi ta hannun likitocinsu, tarin fuka na cikin abin da ake dubawa. Kanada ba ta karɓar takardar kowane likita sai wanda ofishinta ya amince da shi. Ana ɗaukar hoton ƙirjin duk wanda ya kai shekara 11, sakamakon yana aiki wata 12.

Ta Ingila ce ta fi tsanani, kuma Nijar ta daɗe cikinta. Tun 2005 Ingila ta fara gwada tsarin duba mutane kafin su taso, a ƙasashe 15, Nijar na ciki. A lokacin nan ɗan Nijar sai ya je Akara ta ƙasar Gana, wurin likitocin ƙungiyar OIM mai kula da masu ƙaura, kamar yadda ƴan Burkina Faso da Togo da Kodebuwa ke yi. Daga 2012 zuwa 2014 aka faɗaɗa tsarin ya kai ƙasashe wajen ɗari. Dokar ita ce: wanda zai zauna Ingila fiye da wata shida sai ya kawo shaida daga asibitin da suka amince da shi, da kuɗin aljihunsa. Shaidar wata shida take aiki daga ranar da aka ɗauki hoton. In hoton ya nuna wani abu da ake shakka, sai a karɓi kaki sau uku, safiya uku a jere, a ajiye shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Wannan jira kaɗai yana iya kai mako takwas. Mako takwas, wata biyu ke nan, makaranta kuwa ba ta jira.

Faransa ta bi wata hanya. A dā ɗalibi in ya sauka sai ya je ofishin OFII a duba shi. Daga 1 ga Janairu 2017 aka ɗauke wa ɗalibai wannan, aka bar aikin a hannun likitocin jami'o'i. Amma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, hanyar can ta yi wa ɗan Nijar wuya. A Amurka kuwa jami'o'i ne da kansu ke tambayar gwajin in ɗalibi ya iso, kowace da tsarinta, wasu ma ba su barin yaro ya yi rajistar zango na gaba sai ya kawo sakamako.

Dokokin nan sukan sāke. Abin da aka tambayi wa bara ba lalle shi za a tambayi ƙane bana ba. Sai ɗalibi ya karanta takardar da makarantar ta aiko da idonsa, layi layi, ya bar dogara da "an ce".

In an faɗi gaskiya, akwai nauyi cikin wannan tsari. Yaron da ya tashi daga ƙauyen bayan Gidigir sai ya yi tafiyar yini da kwana kafin ya kai Yamai, ya nemi masauki, ya ci abinci, ya biya hoto, wani lokaci ya ƙetare iyaka don takarda guda. Ɗan mai kuɗi na birni ba ya jin wannan. Amma ƙorafi ba ya buɗe ƙofar ƙasar wani. Mai gida shi ke da dokar gidansa. Abin da ya rage ga talaka shi ne ya san dokar da wuri, ya shirya mata.

Lissafin watanni

Ga inda maganar take. A ɗauki misalin yaro ɗan ajin ƙarshe na lise. Iyayensa na ƙauye, shi yana zaune a birni gidan mai masauki, su biyar a ɗaki ɗaya. Cikin hunturu, wajen Janairu, ya fara tari. Kowa na tari lokacin nan saboda ƙura da sanyi, ba wanda ya kula. Mako biyu, mako uku, tari bai tafi ba. Da marece sai masassara ta rufe shi, da dare gumi ya jiƙe masa riga ko da ana sanyi. Abinci ya fita ransa, wando ya fara yi masa yawa. Abokai su ce karatu ne ya cinye shi. Ya sayi ƙwayoyi wurin mai tebur, ya sha, ya ji dama kwana biyu, tari ya komo.

Da hutu ya zo gida. Uwa ta dube shi ta ce an yi wa ɗanta baki don an ga yana da ƙoƙari. Aka yi rubutu, aka jiƙa saiwa, aka yi hayaƙi. Kaka ta ce kada a kai shi likita a tona wa gida asiri, wa zai ba mai tarin fuka ƴa, wa zai auri ƙannensa? Aka yi shiru.

Yaro ya daure ya yi jarrabawa da damina, ya ci da maki mai kyau. Sunansa ya fito cikin masu tafiya waje. Uba ya kai sa kasuwa. Cikin Agusta aka ce a kawo takardar likita, aka ɗauki hoton ƙirji, sai ga ciwo a saman huhu. Aka gwada kaki, ga ƙwaya. Maganin tarin fuka kuwa wata shida ne cur, ba a rage masa kwana ɗaya. Daga Agusta, wata shida ya kai Fabrairu. Makarantun waje sun buɗe tun Satumba ko Oktoba. Shekara ta tafi, wataƙila gurbin ma ya tafi, don akwai wasu a layi.

Yanzu a juya lissafin. Da a ce tun Fabrairu, da tari ya wuce mako biyu, yaron ya je likita ya ba da kaki, da ya fara magani cikin watan nan. Bayan ƴan makonni na shan magani daidai, yawanci mutum ya daina yaɗa ciwon, ƙarfi ya fara komowa, likita ya ba shi izinin komawa aji. Wata shida daga Fabrairu ya kai Agusta. Ranar da aka tambayi takarda, yana da shaidar warkewa a hannu. Ciwo ɗaya, yaro ɗaya, magani ɗaya. Bambancin kawai ranar da aka fara.

Kuma yaran nan huɗu da suke kwana ɗaki ɗaya da shi, da ƙannensa da ya kwana cikinsu da hutu, a lissafin farko sun yi wata bakwai suna shaƙar iskarsa.

Yadda ake gwajin

Gwaji iri huɗu ne ake ji, mutane sukan rikita su.

Na farko gwajin kaki. Shi ne tushe, shi ne kuma ya fi kusa da mutumin karkara. Malamin likita zai ba da ɗan gwangwani, a yi tari mai zurfi a tofa abin da ya fito daga ƙirji, ba miyau ba. Na asuba ya fi. In likitar ƙauye ba ta da wurin dubawa, ta san inda za ta tura, asibitin gunduma a Gure ko babban asibitin Damagaram. A dā sai da madubi kaɗai. Tun Disamban 2010 OMS ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda ke ba da amsa cikin awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta gagari babban maganin. Ana aiki da irinta a Nijar.

Na biyu hoton ƙirji, wanda a asibitocin Nijar ake ce wa radiyo. Shi ne ƙasashen waje suka fi tambaya. Ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci. Mace mai ciki dai ta faɗa wa likita kafin a ɗauka. Hoton yana nuna ciwo mai ci yanzu, yana kuma nuna tabon ciwon da ya warke tuntuni. Shi ya sa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da kaki.

Na uku gwajin fata: a yi ƴar allura a fatar hannu, a komo bayan kwana biyu zuwa uku a auna kumburin. Na huɗu gwajin jini. Waɗannan biyu ba su nuna mutum na ciwo. Abin da suke nunawa shi ne ko ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa.

Nan ne yara da yawa ke firgita ba dalili. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ƙwayar nan ta taɓa shiga jikinsa. Ga yawancinsu tana nan kwance tana barci, jiki ya tsare ta. Mai ƙwaya mai barci ba ya tari, ba ya rama, ba ya ba kowa ciwo. Cikin mutum 100 irinsu, 5 zuwa 10 ne kawai za ta farka wa a tsawon rayuwa, musamman in jiki ya yi rauni saboda yunwa, ko ciwon suga, ko sida, ko shan taba. Don haka ɗalibin da aka ce gwajin jininsa ya nuna alama kada ya ce tasa ta ƙare. Za a ɗauki hoton ƙirjinsa. In huhu lafiya lau, karatunsa zai ci gaba, sai dai a ba shi shawarar shan maganin rigakafi na wata uku ko huɗu, wani lokaci shida, don a kashe ƙwayar tun tana barci. Shawara ce mai kyau, a karɓa.

Akwai kuma maganar shaushawa. Yawancin ƴaƴan Nijar an yi musu allurar BCG suna jarirai, ita ce ke barin ɗan tabo a hannu. Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka haɗa ta, aka fara yi wa mutum a 1921. Tana tsare ƙananan yara daga mugun nau'in ciwon, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana babba kamuwa da na huhu ba. Kada wani ya nuna tabon hannu ya ce ya fi ƙarfin tarin fuka. Sannan wannan allura tana iya sa gwajin fata ya kumbura ko mutum ba shi da komi. Gwajin jini kuwa ba ruwansa da BCG. Shi ya sa jami'o'in Amurka da yawa suka fi son na jini ga yaran da suka fito daga ƙasashe irin Nijar. In ɗalibi na da katin shaushawarsa na yarinta, ya tafi da shi.

Magani kyauta ne

A Nijar akwai shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, PNLT, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Maganin kyauta ake ba da shi. Wata biyu na farko ana shan magani iri huɗu da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya, wata huɗu na baya iri biyu. Kullum da safe, kafin a ci komi. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, yana mai da fitsari ja kamar ruwan goro. Ba jini ba ne, kada a tsorata. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya yi yawa, ko gani ya fara dushewa, a koma wurin malamin likita ranar nan.

Babban haɗari yana zuwa ne a wata na biyu ko na uku. Tari ya tsaya, ƙiba ta komo, mutum ya ji garau, sai ya ce mi ya rage? Ya bar magani ya tafi gona, ko ci-rani Najeriya, ko neman zinariya arewa. Ƙwayoyin da ba su gama mutuwa ba sai su farfaɗo, wani lokaci su dawo sun gagari maganin. Wannan nau'i mai gagara ya fi wuya, ya fi kisa. A nan Nijar ta yi abin a yaba. Tun 2008, tare da ƙungiyar Action Damien ta Beljiyam, likitocin ƙasar suka fara gwada gajeren tsarin magani na wata tara zuwa shekara ɗaya, maimakon na kusan shekara biyu da aka sani a dā, fiye da mutum takwas cikin goma suna warkewa. Abin da aka gani a Nijar da wasu ƙasashe irin su Bangaladash da Kamaru na cikin abin da ya sa OMS ta amince da gajeren tsarin a 2016. Duk da haka, ɗalibin da ya bari ciwonsa ya kai nan, ba maganar tafiyar bana.

Takardar ƙarya

Sai kuma wani abu da ake yi a ɓoye, kowa kuwa ya san ana yi. In tafiya ta matso aka ga yaro na tari, sai wani mai wayo cikin dangi ya ce ya san inda za a samo takarda da hatimi ba sai an duba ba. Wasu ma aboki mai lafiya suke turawa a ɗauki hotonsa. Wannan dabara ce ta kwana kaɗan. An faɗa a baya cewa Maroko na iya sake dubawa, Sin na tantancewa, Rasha likitocinta ke yi da kansu. Ingila da Kanada tun farko ba su karɓar takardar da ba ta fito daga asibitin da suka zaɓa ba, can kuwa sai an duba fasfo an dubi fuska kafin a ɗauki hoto. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka kama da takardar ƙarya yana iya rasa gurbi da biza gaba ɗaya, ya ɓata wa ƙannensa masu zuwa suna. Wanda ba a kama ba ya fi shiga uku: yana can ƙasar mutane, ba uwa ba uba, sanyi na dukansa, ciwo na cin huhunsa, yana tsoron zuwa asibiti kada asiri ya tonu.

Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke kuwa, kada ya ɓoye. Tabon zai fito a hoto ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Abin da zai cece shi shi ne katin maganinsa, wanda aka rubuta ranar farawa da ranar gamawa da sakamakon kaki na ƙarshe. Kanada, alal misali, tana barin mai tsohon tabo ya shiga, da sharaɗin ya kai kansa ga hukumar lafiya ta wurin da ya sauka su riƙa bibiyarsa. Wasu ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun fi tsanani, sukan hana ma'aikaci shiga saboda tabo kaɗai. Mai tabo ya bincika tun kafin ya kashe kuɗi.

Abin da ya shafi gida

Maganar ta fara da ɗalibi mai shiga jirgi, amma ciwon daga ƙasa yake tashi. Yaron da hoto ya kama, wani ne ya ba shi. Wataƙila kaka ce da ta shekara tana tari ana cewa tsufa ne. Wataƙila wa ne da ya komo daga wurin haƙar zinariya, irin na Jado da aka gano a 2014, inda samari ke cunkushe cikin rami da bukka suna shaƙar ƙurar dutse. Wataƙila almajiri ne ko abokin ɗaki. In an sami mutum ɗaya a gida, ƙa'idar likita ita ce a duba duk waɗanda ke kwana tare da shi. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar ana ba su maganin rigakafi ko ba su nuna alama ba, don su ciwon ke saurin kayarwa.

Ƙasar Gure ƙasar kiwo ce, don haka akwai ƙarin magana. Shanu ma suna da nasu tarin fuka, ƙwayarsa ƴar'uwar ta mutum ce, tana kuma shiga mutum ta ɗanyar madara. Sau da yawa irin wannan yakan fito da kumburi a wuya ko ciwon ciki, ba tari ba. Tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita tana kashe ƙwayar. Makiyayi zai ce kakanninsa ɗanya suka sha. Haka ne, amma ba wanda ya ƙirga nawa cikinsu tari ya ɗauka.

Mai ciwo ba a kore shi bayan gari, ba a fasa masa kwano. Ciwon ba ya bin kwano ko musafaha, iska yake bi. Ba gado ba ne, ba sammu ba ne. Abin da ake so shi ne ya rufe baki da ƙyalle in zai yi tari, ya tofa kaki cikin gwangwani mai murfi a binne ko a ƙone, a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa, a shanya shimfiɗa a rana, ya kwana shi kaɗai makonnin farko in da hali. A ba shi abinci mai gina jiki gwargwadon abin da gida ke da shi, wake, ƙwai, nono dafaffe, zogale. A sami mutum ɗaya cikin gida, uwa ko ƙane ko wanda ya yi makarantar yaƙi da jahilci ya iya karatu, ya riƙe katin, ya riƙa sa alama kullum in an haɗiye magani, ya tuna ranar komawa gwajin kaki: ƙarshen wata na biyu, wata na biyar, da ƙarshen na shida.

Malaman kwaleji da na lise su ma suna da hannu. Su ke ganin yaro kullum. Ɗan ajin ƙarshe da ya yi mako biyu yana tari a bayan aji, mushe ya kira shi gefe ya tura shi likita, ba sai ya jira iyayen da ke nisan kilomita da yawa ba. Yaron da ke da burin neman gurbi a waje kuma, ko ba ya tari, in hali ya yi ya ɗauki hoton ƙirji tun cikin rani don ya san inda yake. Sai dai ya sani wannan hoto don kansa ne. Takardar da za a miƙa wa ofishin jakadanci tana da wa'adi, wata shida ga Ingila da Sin, don haka ita ba a yin ta da wuri ƙwarai, sai takardar karɓa ta makaranta ta zo an san ranar tafiya.

Ranar da zai tashi, cikin jakar hannu, ba cikin akwatin da ake jefawa bayan jirgi ba, ya sa asalin takardar likitan, da hoton ƙirjin ko faifansa, da katin shaushawa, da katin magani in ya taɓa sha. Ana iya tambayarsu tun a filin jirgi. Ya kuma bar kofin kowace ɗaya a gida, wurin wanda ya iya karatu.